Kafa Sandar Eriya A Cikin Zango: Ƙarfinta Yana Ga Turakunta

Duk wanda ya tashi a zangonnin ƙasar nan ya san matsayin akwatin rediyo a wurin iyayenmu. Tun daga watan Maris na 1957, watan da Gana ta sami mulkin kai, Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shiryensa, kuma shekara da shekaru dattawanmu na Nima da Sabon Zango da Aboabo suka saba jin ana cewa a kama tashar a kan mita kaza da mita kaza a gajeren zango. Su dai sauraro suka iya. To amma akwai wani fanni na rediyo da mutum yake saurare kuma ya mayar da magana, wato rediyon 'yan sha'awa, inda mai lasisi zai zauna a ɗakinsa ya yi hira da takwaransa na wata ƙasa, ba tare da layin tarho ko intanet ba.

Wanda ya ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya cak a Gana da maƙwabtanta, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin hanyar sadarwar da ba ta dogara da kamfani ba. Sai dai wannan rediyo ba ya aiki sai da eriya, eriya kuma tana son tsawo, tsawo kuwa a unguwa mai cunkoso irin tamu haɗari ne ga mai shi da maƙwabcinsa. Saboda haka na ga ya dace mu tattauna yadda ake haɗa sandar eriya da hannu, a kafa ta, a ɗaure ta, yadda ba za ta zama sanadin kuka a gidan kowa ba.

Lasisi Kafin Komai

A nan Gana, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, ita ce ke ba da izinin amfani da zangon rediyo, kuma dokar sadarwa ta 2008 ta hana kowa ya aika saƙo ta iska ba da izininta ba. Wanda ya sami lasisi akan ba shi lambar kira da ke farawa da 9G, kamar yadda ta Najeriya ke farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Kamaru kuma TJ. Ba a yin kasuwanci da wannan rediyo, ba a sa kiɗa, kuma ba gidan rediyon unguwa ba ne. Sauraro kowa na iya yi, amma magana sai mai lasisi.

Bayan hukuma sai mai gida. Yawancinmu a gidan haya ko gidan gado muke zaune, tsakar gida ta kowa da kowa ce, don haka sai an nemi yardar mai gida da sauran mazauna, an kuma shaida wa maƙwabta. Idan sandar za ta yi tsawo sosai, a tuntuɓi ofishin ƙaramar hukuma mai kula da gine-gine. Mazauna Nima da Mamobi su tuna cewa filin jirgin saman Ankara yana kusa da su, kuma hukumar sufurin jiragen sama tana da ta cewa a kan dogayen turakun sadarwa a irin wannan wuri.

Tsawon Da Ake Buƙata

Waccan mita da dattawa ke ji a rediyo, tsawon igiyar rediyon ce da ke tafiya a iska. Eriya miƙaƙƙiya, wadda ake tsayarwa kamar falwaya, tana ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tsawo. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 71.5 da lambar megahaz ɗin da za a yi aiki a kai, abin da ya fito shi ne tsawon eriya a mita. Zangon mita 20, wanda ya kama daga megahaz 14 zuwa 14.35, yana buƙatar eriya mai kimanin mita 5. Zangon mita 40, daga megahaz 7 zuwa 7.2, yana buƙatar kimanin mita 10, kuma wannan ta mita 10 tana iya aiki a zangon mita 15. Zangon mita 2 kuwa, na hira a cikin gari da ƙaramar na'ura irin ta oba-oba, santimita 49 kacal yake so.

Dalilin da ya sa irin wannan eriya ta dace da mu shi ne ba ta cin fili kamar wadda ake shimfiɗawa tsakanin sanduna biyu, tana jin kowace kusurwa, kuma tana harba saƙo ƙasa-ƙasa kusa da sararin da ido ke hangowa, wanda shi ne ke kai magana ƙasashe masu nisa. Aibinta ɗaya, tana kwasar hayaniyar lantarki ta janareta da fitilu da caja fiye da shimfiɗaɗɗiya.

Hanyoyin haɗa ta biyu ne. Ko dai a yi sandar da bututun alminiyam, wani cikin wani, babba a ƙasa ƙarami a sama, ita kanta sandar ta zama eriya, a raba gindinta da ƙasa da abin da ba ya ɗaukar wuta kamar tangaran ko roba mai kauri. Ko kuwa a sami busasshiyar gora, ko sandar faiba irin ta masu kamun kifi, a manna mata wayar jan ƙarfe daga ƙasa har sama. Gora tana da araha kuma ba ta da nauyi, shi ya sa aka daɗe ana ɗora eriyar talabijin a kanta a ƙasar nan, sai dai gara da ruwa suna cin gindinta, don haka ba a binne ta, ɗaure ta ake yi a jikin guntun ƙarfe da aka kafa a kankare.

Wasu sukan je wurin mai walda ya haɗa masu hasumiya mai ƙafa uku da rodi. Wannan ta fi kyan gani, amma ta fi nauyi, ta fi tare iska, kuma walda marar kyau ba ta nuna kanta sai ranar da ta ɓalle. Duk wanda zai yi irinta ya nemi injiniya ya duba masa, kada ya wadatu da idon mai walda kaɗai.

Rabin Eriyar Yana Ƙasa

Abin da sababbin shiga ke mantawa shi ne sandar da ake gani rabin eriya ce. Ɗaya rabin wayoyi ne da ake shimfiɗawa daga gindinta su bazu ko'ina kamar saiwar bishiya. Manyan gidajen rediyon matsakaicin zango a Amurka sukan binne irin waɗannan wayoyi har 120. Mai aikin gida ba ya buƙatar haka, amma idan gindin yana ƙasa, ya sa 16 ko fiye, a binne su kaɗan yadda ba za su harɗe ƙafa ba. Idan kuwa an ɗaga gindin sama da ƙasa, guda 4 sun isa, kowace tsawonta daidai da na eriyar. Wayar da ke kai saƙo ɗaki ita ce mai sulke, kamar RG-58 ko RG-213. Tsakiyarta na zuwa ga sanda, sulkenta ga wayoyin ƙasa, a naɗe mahaɗar da kyau don kada ruwa ya shiga. Daga nan a gwada da na'urar auna SWR, wadda ke nuna ko ƙarfin da rediyo ya tura yana fita ko yana komowa. Idan ta nuna ƙasa da 2, an dace.

Abokiyar Gaba Ita Ce Iska

Masu iya magana sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Ƙarfin da iska ke tura abu da shi ba ya tafiya daidai da gudunta, domin idan gudun ya ninka biyu, turin yakan ninka huɗu. Guguwa mai gudun kilomita 108 a awa tana tura kowace murabba'in mita da nauyin da ya kai kilo 55. Bututu mai tsawon mita 10 da faɗin santimita 5 zai sha turin kimanin kilo 30. Mai karatu zai ce ai wannan bai kai buhun siminti ba. To amma turin yana aiki ne daga nesa da gindi, don haka abin da gindin yake ji daidai yake da a sa masa sifana mai tsawon mita ɗaya, a rataya buhun siminti uku a ƙarshenta. Siririn bututu ba ya jure wannan, lanƙwashewa yake yi.

Maganin shi ne igiyoyin ɗauri. Kada wani ya raina su. Turken rediyon Warso da ke ƙasar Foland, mai tsawon mita 646, wanda a zamaninsa babu gini a duniya da ya kai shi, ya rushe ranar 8 ga Agusta, 1991, a daidai lokacin da ma'aikata ke canza masa igiyoyin ɗauri. Idan aikin ƙwararrun injiniyoyi ya zube saboda igiya, ina ga bututun da aka haɗa a tsakar gida?

Ana ɗaure sanda ta kusurwa uku, tazarar digiri 120 tsakanin kowace igiya da 'yar'uwarta. Siririyar sanda mai mita 10 tana son ɗauri hawa biyu ko uku, wato kowace mita 3 zuwa 4, domin idan aka ɗaure ta a sama kaɗai, cikinta ne zai bankare. Nisan turke daga gindi ya kai kashi 80 cikin 100 na tsawon da aka ɗaura igiyar, kada kuma ya gaza kashi 60. Ga dalili. A ce igiyar da aka ɗaura a tsawon mita 10 za ta tare turin kilo 30. Idan turkenta yana nisan mita 8, jan da za ta sha kilo 48 ne. Idan aka matso da shi mita 3 saboda ƙarancin fili, jan zai wuce kilo 100, kuma za ta danna sandar ƙasa da nauyin buhun siminti biyu. Matse turke kusa da gindi ke sa igiya ta tsinke ko bututu ya karye.

A nan ne ya kamata kowa ya faɗa wa kansa gaskiya. Sanda mai mita 10 da turaku a nisan mita 8 tana buƙatar fili mai kusurwa uku da kowane gefensa ya kai mita 14. Gida nawa ne a Nima ko Asawase ke da wannan? Sanda mai mita 5 kuwa gefen mita 7 ya ishe ta, kuma zangon mita 20 da take aiki a kai shi ne wanda 'yan sha'awa suka fi dogara da shi wajen magana tsakanin nahiya da nahiya. Daidai ruwa daidai tsaki. A auna fili tukuna, filin ne zai faɗi tsawon sanda.

Yadda Ake Kafa Turke

Turken kirki a ƙasa yake. A haƙa rami mai zurfin kimanin mita ɗaya da faɗin santimita 60 kowane gefe, a cikin ƙasa mai tauri wadda ba ciko ba ce. Bakin kwata, tsohon juji da wurin da ruwa ke kwanciya ba sa riƙe turke, domin da zarar ƙasa ta jiƙe sai ta saki. A sa rodi mai kauri, kamar milimita 16, mai zobe a sama da lanƙwasa a ƙasa, a karkatar da shi ya dubi inda igiyar za ta fito, yadda jan zai bi tsawonsa. A kwaɓa kankare da ma'auni ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Dunƙule mai santimita 60 tsawo da faɗi da kauri ya fi kilo 500, ban da ƙasar da za a mayar a kansa a daddaka. A riƙa yayyafa masa ruwa, kada a ɗora masa nauyi kafin kwana 7, cikakken ƙarfinsa kuwa sai kwana 28. Guguwar farkon damina a yankinmu daga gabas takan taso, don haka yana da kyau turke ɗaya ya dubi can.

Akwai wuraren da ba a ɗaura igiya ko da wasa: ƙarfen taga, katakon rufin kwano, famfon ruwa, falwayar lantarki, da katangar bulo. Bulo yana ɗaukar nauyin da aka ɗora masa daga sama, amma jan gefe yana kayar da shi, kuma a bayan katangar nan akwai wata mata da ke girki. Bishiya ma ba ta dace ba, domin tana rangaji da iska, sai ta riƙa fizgar sandar. Wanda zai kafa a kan rufin kankare ya kira magini ya duba inda ginshiƙai suke kafin a huda komai.

Gindin sandar shi ma yana son nasa kankaren, kuma ya fi kyau a yi masa hinji irin na babbar ƙofar ƙarfe, yadda za a kwantar da ita a yi gyara a ƙasa. Ba a hawa sandar da aka haɗa a gida, kuma ba a jingina mata tsani.

Game da igiya, ta foliyesta ta fi dacewa da ƙaramar sanda, saboda tana jure rana, ba ta miƙewa sosai, kuma ba ta taɓa aikin eriya. Ta nailan tana miƙewa, irin ta shanya kuwa rana na cinye ta ta zama gari. Idan wayar ƙarfe za a sa, a yanka ta gunduwa-gunduwa a haɗa da ƙwan tangaran, don kada ta zama wata eriyar. A kowane ƙarshe a sa maƙalai uku masu siffar U, lanƙwasar maƙalin ta hau kan guntun ƙarshen waya, faffaɗan ɓangaren kuma ya zauna kan wayar da ke ɗauke da nauyi. Idan aka juya su, maƙalin zai cije wayar ya rage mata ƙarfi. Ƙarfen da ake murzawa a ƙara tsauri, wato tanbokul, a zura masa waya a kulle shi don kada girgiza ta warware shi. Igiya ta yi tsauri daidai misali, kada ta zama kamar tsarkiyar goge. Mazauna Ankara da Tema da Takoradi su sayi ƙarfe mai rufin hana tsatsa, domin gishirin iskar teku ba ya raga wa baƙin ƙarfe.

Wayar Lantarki Da Tsawa

Babban abin da ke kashe masu kafa eriya shi ne wayar lantarki. A lungunanmu wayoyin ECG suna bi ta saman rufi, wasu na gida ne, wasu kuwa manya ne masu ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000, waɗanda wutarsu kan yi tsalle ta kama ƙarfe idan ya matso sosai, tun bai taɓa ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce nisan sanda daga waya ya ninka tsawonta sau biyu. Sanda mai mita 5 ta nisanci waya da mita 10. Idan babu wannan tazara, a haƙura da wurin, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jiƙaƙƙiyar gora ma tana ɗaukar wuta. Idan ƙaddara ta sa sanda ta nufi waya, kowa ya sake ta ya ja da baya. Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi ko sandar, a kira 112 da ma'aikatan lantarki su kashe layin.

Sai tsawa. A kafa rodin jan ƙarfe mai tsawon mita 2.4 a gindin sanda, a haɗa shi da waya mai kauri, gajeriya, marar lanƙwasa, sannan ma'aikacin lantarki ya haɗa shi da rodin ƙasa na gidan. A sa abin tare tsawa a kan wayar eriya kafin ta shiga ɗaki. Duk da haka, idan hadari ya haɗu, a cire wayar daga jikin rediyo a ajiye ta waje tun kafin a fara walƙiya. Tsakanin ganin walƙiya da jin ƙara, kowace daƙiƙa 3 kimanin kilomita ɗaya ce, kuma duk wanda ke jin ƙarar tsawa yana cikin inda za ta iya sauka.

Har ila yau, lokacin da ake magana ta rediyo, jikin eriya da ƙarshen wayoyinta suna ƙona fata. Gidajenmu cike suke da yara, don haka a kewaye gindin, a kuma zura wa ƙasan kowace igiya farin bututun roba yadda mai fita alwala da asuba zai gan ta.

Ranar Tayarwa Da Bayanta

A zaɓi safiya mai sanyi da babu iska babu hadari. A sami mutum biyar: uku a kan igiyoyi, ɗaya ko biyu suna ɗagawa, kuma murya ɗaya ce ke ba da umarni. A fitar da yara da mata daga tsakar gida, kowa ya sa takalmi da safar hannu da hular kwano. A ɗaura duk igiyoyi a jikin sanda tun tana kwance, a fara tsaurara na ƙasa kafin na sama, a duba miƙewarta daga ɓangare biyu. Bayan mako guda a sake matse maƙalai, domin sabuwar waya takan saki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Fabrairu, kafin ruwan farko, a kwantar da sanda a duba tsatsa da tsagewa da inda igiya ta goge, haka kuma bayan kowace guguwa. Wanda zai yi doguwar tafiya ya kwantar da ita kafin ya tafi.

A ƙarshe ina kira ga ƙungiyoyinmu na matasa da su ɗauki wannan a matsayin aikin gayya. Maimakon mutum goma su kafa sanduna goma a lunguna masu cunkoso, a nemi fili guda mai sarari, kamar harabar makaranta, da yardar masu ita da sanin sarkin zango, a kafa ɗaya mai inganci ƙarƙashin kulawar mai lasisi, kowa ya zo ya koya. Muna da masu walda da magina da ma'aikatan lantarki a cikinmu, ilmin kuma zai amfani ƙannenmu. Haƙƙin maƙwabci babba ne, kuma duk abin da mutum ya tsayar a sama, shi za a tambaya idan ya faɗo. Allah Ya kare mu, Ya sa mu ga damina lafiya, amin.